Ɗana ya shiga badujalar makaranta a Amurka, me ya kawo iyaye cikin lamarin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune ne a wani gari kusa da Chicago, yarona ya shiga sakandare bana yace shi badujalar makaranta zai shiga, kakaki irin nasu yake busawa. Ban hana shi ba. Toh ko wata ba a rufa ba sai ga takarda daga wata ƙungiyar iyaye wai ita bustas, suna neman kuɗi, kuma wai in zaɓi ranar da zan je filin ƙwallo in tsaya saida abinci. Ni fa na ɗauka makarantar gwamnati komai kyauta ne. Dan Allah daga ina wannan abu ya samo asali, kuma dole ne? Daga wata uwa a jihar Illinois.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana yaron. Ki kwantar da hankalinki ba damfara bace, kuma ba makarantar ɗanki ce ta ƙirƙiro ba, an doshi shekara ɗari ana yin haka. Tun ran gini tun ran zane, hukumar makaranta albashin malami da ɗakin koyo take ɗauka sai ɗan abin da ba a rasa ba, sauran kuma mutanen gari ne ke ji da shi.

Kafin yaƙin duniya na ɗaya badujala galibi harkar manya ce, ta gari, ta ma'aikatan masana'anta, sai ta ƙwararru irin su John Philip Sousa masu yawo gari-gari ana biya a saurare su. Sai garmaho da sinima da mota suka shigo, rediyo ya biyo baya, kasuwarsu ta fara mutuwa. Aka gama yaƙi a 1918 sojojin da suka koyi busa a bariki suka dawo gida suna neman abin yi, su kuma kamfanonin ƙera kayan busa, musamman na garin Elkhart a jihar Indiana inda kamfanin Conn yake, suka ga masu saye na ƙarewa. Kinga buƙata ta haɗu da buƙata, kowa ya juyo kan yaran makaranta. Su kamfanonin ne ma suka zuba kuɗi aka yi gasar ƙasa ta farko a Chicago a 1923, badujala 30 suka zo, alƙali kuma mutum ɗaya tal, makarantar Fostoria ta jihar Ohio ta lashe. An yi ta ƙorafi kan yanda aka gudanar da ita, daga baya malaman kiɗa suka karɓi ragamar abin.

Misalin da na fi so in ba ki yana nan kusa da ku, garin Joliet, kudu maso yamma da Chicago, garin masana'antar ƙarfe. A 1912 wani malamin koyar da aikin hannu A. R. McAllister ya tara yara ƙalilan da tsofaffin kayan busa, wajen koyon ma a shagon kafinta na makarantar ne, ba kujeru, kan durom-durom na katako da ake zuba ƙusa suke zama. Wannan badujalar ce ta cinye gasar ƙasa a 1926 da 1927 da 1928 a jere, har aka ce su ɗan huta su bar wa wasu, ta 1928 ma a Joliet ɗin aka yi kuma Sousa da kansa yana cikin alƙalai. A 1936 sun je har New York sun yi wasa a shahararren ɗakin wasa na Radio City Music Hall. McAllister ya riƙe ta har ya rasu a 1944.

Toh yanzu ki yi lissafi da kanki. Gasar nan kowace shekara garin da ake yi daban, 1927 Council Bluffs a Iowa, 1929 Denver, 1930 Flint, 1931 Tulsa. A kwashi yara sittin ko tamanin a jirgin ƙasa, wata tafiyar ta fi kwana guda, ga masauki ga abinci ga yunifom iri ɗaya ga manyan kayan busa irin tuba da babu uban da zai saya wa ɗansa shi kaɗai, wace hukumar makaranta ce zata sa hannu a wannan? Da farko 'yan kasuwar gari da ƙungiyoyi irin su Rotary ne ke kawo ɗauki, dan sunan garinsu ne zai fito a jarida. Da tattalin arziki ya karye a 1929 'yan kasuwan su ma ta kansu suke yi, makarantu na yanke kashe kuɗi, anan ne mata suka tsaya. Garuruwa da dama suka kafa ƙungiyar da suke kira Band Mothers, wato iyaye mata na 'yan badujala, a toya kek a sayar, a dafa abincin dare jama'a su biya su ci, a ɗinka rigunan a gida. Daga baya da maza suka shigo sosai sai sunan ya koma na iyaye gaba ɗaya, shine wannan da ta aiko miki takarda.

Abin da ya ƙara wa kuɗin nauyi a zamanin nan kuwa salon ne ya canza. Da, a yi fareti a titi a yi ɗan wasa lokacin hutun rabin lokaci a filin ƙwallonsu, shikenan. Daga shekarun 1970 abin ya koma gasa ta kanta, a 1976 aka fara wadda yanzu ake kira Bands of America, ana yin ta ƙarshe duk watan Nuwamba a Indianapolis. Yanzu sai an biya mai tsara kiɗa, an biya mai zana yanda yara zasu riƙa jeruwa a fili, ga masu tutoci da nasu kayan, ga lasifika, ga babbar mota ta kwasar kaya. A ɗaya gefen kuma kuɗin gudanar da makarantu a Amurka kaso mai yawa daga harajin gidaje yake fitowa, in aka taɓa shi kiɗa na cikin abin da ake fara yankewa, California ta ga haka bayan dokar rage harajin gidaje ta 1978.

In kin je za ki ga aikin da idonki. Yunifom ɗin nan ba na yaro bane, na makaranta ne, ana shekara goma ana amfani da saiti ɗaya, kowace riga da lambarta a ciki, duk farkon zango iyaye mata ne ke durƙusawa da tef da fil suna gwada tsawon wando, na bara da ya gama dogo ne na bana gajere. Gashin tsuntsun da suke sokawa a hula ma a wasu makarantun yara basa taɓa shi, wata uwa ce ke bin layi da safar hannu tana soka wa kowa dab da shiga fili. Maza kuma su ne masu turo manyan kayan kiɗa masu taya da gudu, dan a gasa mintuna ake ƙirga wa kowace makaranta na shiga da fita, in aka wuce a rage maki.

Ni dai a ganina tsarin yana da kyau yana kuma da illa, kuma illar ba ƙarama bace. Unguwar masu hali iyaye su tara abin da suke so, unguwar talakawa malami na ɗaure kakaki da salatif, sannan a kai su fili ɗaya ace gasa ce. Kuma duk inda kuɗi ya taru a hannun 'yan sa kai sai an sa ido, shi yasa ƙungiya mai tsari take da rajista a matsayin wadda ba ta neman riba, mutum biyu ke sa hannu a cek, ana karanta lissafi a taro.

Batun dole kuwa, ki raba shi biyu. Ƙungiyar iyaye ba hukuma bace, bata da ikon korar ɗanki daga aji dan ba ki zo saida abinci ba. Kuɗin da makaranta da kanta ta yanka kuma dokarsa ta bambanta daga jiha zuwa jiha, a California tun 1984 kotun ƙolin jihar ta hana makarantun gwamnati cajin kuɗi kan irin waɗannan ayyuka, wasu jihohin kuma an yarda, amma galibi akwai yafiya ga mai ƙaramin ƙarfi. Dan haka ki tambayi malamin badujalar kai tsaye: wanne ne kuɗin makaranta, wanne ne gudunmawa, kuma akwai tallafi? Ba abin kunya bane, kullum ana tambayarsu. In rumfar abincin ce bata kwanta miki ba saboda wani naman da ake sayarwa, ki faɗa musu, aiki ba ya ƙarewa, akwai raba ruwa lokacin horon watan Agusta da rana ke dukan yara, akwai rakiya a bas, akwai ɗinki. Ki fara da zuwa taronsu na wata-wata ko sau ɗaya ne, ki nemi takardar kasafin bana ki ga ina kuɗin yake zuwa kafin ki sa hannu a komai.