Jirgin ƙasa na tubalan roba: daga ina ya kamata a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a Damagaram, kuma na tara buhu guda na tubalan roban nan na wasa irin na LEGO, wasu daga wurin ƴan gwanjo a Kasuwar Dole, wasu kuma ɗan'uwana ne ya aiko mini daga Faransa, har da ƴan ƙafafun jirgi da guntayen dogo a cikinsu. Na ga hotunan jiragen ƙasa da tashoshin da manyan mutane suke ginawa da su a Turai, kuma ina so mu gina namu ni da ɗalibaina, waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ido da ido ba. Daga ina za mu fara, kuma lalle ne sai mun sayi inji?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ku fara da dogo, ku jinkirta maganar inji, domin dogon ne yake yanke faɗin jirgi da tsawon tarago da girman teburin da za ku buƙata, kuma mafi yawan masu farawa suna gina kan jirgi mai ban sha'awa ne tukuna, sannan su tarar ba ya iya shan kwana.

Kafin komai, ya kamata ɗalibanka su san awon tubalin. Tsakanin maɓalli da maɓalli, wato ƴan kumburin nan da ke saman kowane tubali, milimita 8 ne. Tsayin tubali milimita 9.6 ne, siririn falle kuma milimita 3.2, saboda haka falle uku daidai suke da tubali ɗaya. Kamfanin LEGO, wanda wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa a garin Billund na ƙasar Denmak a 1932, ya yi rajistar wannan tsarin haɗi a 1958, kuma tubalin wancan zamani yana haɗuwa da na yau. Masu wannan sha'awa da maɓalli suke auna komai, kai ma ka saba da hakan.

Dogon wasan na kamfanin ya fito ne a 1966, kuma faɗinsa bai canza ba har yanzu, wajen milimita 37 da rabi tsakanin layukan biyu. A irin da ake sayarwa yau, miƙaƙƙen guntu ɗaya yana da tsawon maɓalli 16, wato santimita 12.8, lanƙwasassun guntaye 16 kuma suna haɗa da'ira cikakkiya, wadda daga tsakiyarta zuwa tsakiyar dogon maɓalli 40 ne. Ma'anar wannan ita ce da'ira guda tana cin wuri kimanin santimita 70 ta kowane ɓangare, kuma faffaɗan katakon nan na kafintoci mai santimita 122 a 244 zai ɗauki kewaye guda da tasha da ɗan fili na gidaje. Ka ƙirga guntayen da ke buhunka. Idan lanƙwasassun ba su kai 16 ba, kada ka damu da kewaye: miƙaƙƙen dogo a gaban tasha, da jirgi a tsaye ana loda masa kaya, shi ma cikakken aiki ne, kuma da yawa daga cikin hotunan da ka gani haka suke.

Wannan kwana ta maɓalli 40 matsattsiya ce ƙwarai idan aka gwada ta da jirgin gaskiya, kuma daga nan ne yawancin wahalar take tasowa. Yawancin jiragen da kamfanin yake sayarwa faɗinsu maɓalli 6 ne, taragunsu kuma gajeru, galibi maɓalli 24 zuwa 28, domin su bi wannan kwana lafiya. Masu ginin kansu sukan zaɓi maɓalli 7 ko 8, saboda su sami wurin kujeru da tagogi, jirgin kuma ya yi kama da na gaske. Sai dai duk lokacin da tarago ya yi tsawo, cikinsa yana yanko kwana ta ciki, goshinsa kuma yana fita waje, har ya bugi dakalin tasha ko jirgin da ke layin kusa. Don haka ne wasu ƙananan kamfanoni suke ƙera dogo mai faɗin kwana, na maɓalli 56 ko 72 ko 104, wanda ba na ganin kana buƙatarsa yanzu. Ga ɗalibai, maɓalli 6 ya fi sauƙi kuma ya fi tattalin tubali. Amma idan tsohon jirgin Najeriya kuke son kwaikwaya, wanda ya isa Kano a 1911 ya kuma kai Nguru a 1930, to maɓalli 8 zai fi dacewa, domin dogonsa siriri ne, milimita 1067, kuma jikin jirgin yana zarce ƙafafunsa sosai ta gefe biyu. 

Abin da ya fi muhimmanci a ƙarƙashin tarago shi ne ƙafafun su iya juyawa. Idan taragon gajere ne, mai gatari biyu kusa da juna, zai wuce kwana ko da ƙafafun a kafe suke. Da zarar ya yi tsawo, dole ne a ɗora shi a kan ƙananan kekuna biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kowane da ƙafa huɗu, kowane kuma a maƙale da fegi guda a tsakiyarsa domin ya juya shi kaɗai. Maganaɗisun da ke haɗa tarago da tarago a jikin keken ake sa shi, domin ya bi dogo, in kuwa aka sa shi a jikin dogon tarago, sai ya janye na bayansa daga layi a kwana. Tsohon kan jirgi mai gawayi ya fi kowane wuya, tun da manyan ƙafafunsa a jere suke, kuma dabarar da aka saba ita ce a sa ƙafa marar leɓe, wato marar bakin nan da ke riƙe dogo, a tsakiya, wadda take shawagi a kan dogo ba tare da ta riƙe shi ba. Ku fara da kan jirgi mai amfani da gas, mai siffar akwati, ku bar mai gawayi sai hannu ya faɗa.

Game da inji, ba dole ba ne, kuma jirgin da yaro yake turawa da hannu yana koya masa fiye da wanda yake kallo yana zagayawa. Idan daga baya kun yanke shawarar saye, to ka duba irin dogon da ke hannunka, domin tsarin ya sha canzawa. Na farko, mai shuɗin dogo, da batir yake tafiya. A 1969 aka kawo na bolt 12 mai ƙarin layukan wuta a tsakiya. A 1991 aka kawo na bolt 9, wanda saman dogonsa ƙarfe ne kuma daga nan injin yake shan wuta. Daga 2006 aka koma dogon roba zalla da batir a cikin jirgi, kuma tun 2018 ana sarrafa shi ta Bluetooth, da ƙaramin rimot ko da wayar hannu. Inji mai batir yana tafiya a kan kowane irin dogo, amma na bolt 9 ba ya motsi sai a kan mai ƙarfe, kuma an daina ƙera shi. A wurin da wuta take zuwa tana ɗaukewa, mai batir ya fi, musamman da ƙananan batura shida masu caji. Idan za ku yi hawa, kada ku ɗaga dogon fiye da falle ɗaya a kowane guntu, in ba haka ba ƙafafun za su riƙa sulɓi.

Tashar kuma, ina ganin asara ce ku kwaikwayi ta Jamus ko ta Faransa alhali kuna da abin da babu wanda ya gina. Damagaram ba ta da dogo, kuma wanda aka shimfiɗa tsakanin Yamai da Doso, aka ƙaddamar a 2016, bai yi jigilar yau da kullum ba, saboda haka kuna da ƴancin ku ƙaga tashar garinku yadda kuke so. Tubala masu launin ƙasa za su ba ku katanga da soro irin na Birni, tsohuwar unguwar garinku, ƙananan tubala masu gangare su zama zanko a kusurwar rufi, masu ruwan toka kuma a tara su ba bisa tsari ba su zama manyan duwatsun da garin yake zaune a tsakaninsu. Ku ƙara buhunan gyaɗa da na wake a bakin dakali, da amalanke, da bishiyar darbejiya. Zanen bango yana buƙatar a kwantar da tubali ta gefe, kuma ƙa'idarsa ita ce falle biyar a tsaye daidai suke da maɓalli biyu a kwance. Ku gina komai a kan faranti mai maɓalli 32 a 32, kowane rukunin ɗalibai da nasa, dogon yana ratsa gefe ɗaya a wuri ɗaya, domin a iya jera su ranar nuni a kuma raba su a ajiye. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna Studio da ake zana gini da ita kafin a taɓa tubali, tana kuma lissafa abin da za a buƙata.

Tubalan kwaikwayo da ake yi a ƙasar Sin suna shiga na asali, kuma sun isa wajen bango da duwatsu, amma ka gwada ƙafafu da dogo da hannunka kafin ka biya. Saura ƙura da rana. Ƙurar hunturu tana shiga gatari ta daskarar da ƙafa, don haka a rufe teburin da zane, a riƙa share shi da burushi mai laushi. Rana tana mayar da farin tubali rawaya, zafin bazara a ƙarƙashin kwano kuma yana cutar da batir, saboda haka a cire shi idan za a daɗe ba a yi amfani da jirgin ba. Tubalan gwanjo a wanke su da hannu, da sabulu da ruwan da bai wuce digiri 40 ba, a shanya a inuwa, ban da inji da wayoyinsa, waɗanda ruwa ba ya taɓa su.