Yadda ake gane ko tsohon bene zai jure girgizar ƙasa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko benen da kuke haya a Istanbul, wanda aka gina kafin girgizar ƙasar da ta afka wa Izmit, wani birni kusa da Istanbul, a 1999, zai jure wata girgizar. Ido kaɗai ba zai ba ka amsa ba, sai injiniyan gine-gine.

Zai huda ginshiƙai ya ciro curin kankare mai siffar gwangwani, a matse shi a ɗakin gwaji har ya fashe domin a san ƙarfinsa, sannan ya bi da na'ura ya gano yawan rodin da ke ciki da tazarar zobban da suka ɗaure shi. Bayan an auna ƙasar wurin, sai a jijjiga samfurin ginin a kwamfuta bisa ƙa'idar Turkiyya ta 2018 kan gine-gine da girgizar ƙasa, a ga ginshiƙin da zai fara gazawa.

Hawan ƙasa ne ya fi tayar mini da hankali, musamman inda aka rushe bango ko aka sare ginshiƙi domin faɗaɗa shago. A girgizar 6 ga Fabrairun 2023 a kudancin Turkiyya, benaye da yawa ta nan suka durƙushe. Don Allah ka sauka ka duba naku yau, ku kuma nemi mai gidan ya kawo injiniya.