Ɗana Yana Tsare a Birnin Washinton: Da Wace Doka Za a Hukunta Shi?

Tambaya: Barista, ɗana mai shekara 22 yana zaune a Washinton da katin zama na dindindin. An kama shi bisa zargin ƙwacen mota, ba a ce yana da makami ba. Wani ya ce mana an sassauta hukuncin wannan laifi, wani kuma ya ce majalisar ƙasa ta soke sassaucin. Wanne ne gaskiya, kuma me za mu iya yi daga nan gida?

Amsa: Hajiya, Allah Ya kawo masa mafita. Duka mutanen biyu sun ji wani abu na gaskiya, amma na biyun ne ya kawo miki ƙarshen labari.

Washinton ba jiha ba ce. Dokar 1973 ta ba mazauna birnin damar zaɓen magajin gari da majalisarsu, sai dai duk dokar da suka yi sai ta wuce ta gaban Majalisar Dokokin Amurka, kuma idan ta laifuka ce, majalisar ƙasar na da kwana 60 na zama ta duba ta. Tsarin ya ɗan yi kama da na Abuja, inda Majalisar Tarayya ce ke yin dokoki. A Nuwamban 2022 majalisar birnin ta amince da sabon kundin laifuka don maye gurbin wanda asalinsa ya faro tun 1901. Magajiyar gari, Muriel Bowser, ta ƙi sa hannu, majalisar ta tsallake ta da ƙuri'a 12 da 1. Daga nan 'yan majalisar ƙasa suka shigo. Majalisar Wakilai ta yi watsi da kundin a Fabrairun 2023, ta Dattawa ta bi baya da ƙuri'a 81 da 14, Shugaba Biden ya sa hannu kan soke kundin a watan Maris. Abin da aka fi yayatawa a lokacin shi ne rage hukunci mafi tsanani na ƙwacen mota da makami daga shekara 40 zuwa 24. Ni dai ban ga adalci ba a ce mutanen da ba su da wakili mai ƙuri'a a majalisar ƙasa, ita ce za ta rushe musu aikin da aka shafe shekaru ana yi. Amma ra'ayina ba zai fitar da ɗanki ba. Sabon kundin bai taɓa fara aiki ba ko na yini ɗaya, don haka babu lauyan da zai kafa hujja da shi.

Tsohuwar doka ce ke kansa, kuma tana da nauyi. Ƙwacen mota ba tare da makami ba, mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 7 ne, mafi yawa 21. Idan aka ƙara zargin makami, mafi ƙaranci ya koma 15. Ki kuma sani cewa masu gabatar da ƙarar lauyoyin gwamnatin tarayya ne, kuma idan aka yi masa ɗauri mai tsawo, gidan yarin tarayya za a kai shi, wanda zai iya kasancewa a wata jiha mai nisa. Abu guda da zai kwantar miki da hankali: ko da an tsananta doka gobe, tsarin mulkin Amurka ya hana a ɗora masa hukuncin da ya fi na ranar da ake zargin an aikata laifin.

Inda nake so ku sa ƙarfinku shi ne shekarunsa. Birnin yana da dokar gyaran halin matasa da ta shafi wanda bai kai shekara 25 ba lokacin laifin. A ƙarƙashinta alƙali na iya yanke hukuncin da bai kai shekara 7 ɗin nan ba, daga baya kuma a share hukuncin daga bayanansa. Ba tilas ba ne a kan alƙali, roƙonsa ake yi da hujja. Nan ne ke za ki yi aiki: takardun makarantarsa, wasiƙa daga mai gidansa a wurin aiki, wata daga limamin masallacin da yake zuwa, da bayanin asibiti idan yana da wata lalura. A tura wa lauyansa su tun yanzu. Wannan doka ta matasa ma akwai 'yan majalisar ƙasa da ke neman a taƙaita ta, saboda haka ku tambayi lauyan matsayinta a yau.

Sai maganar katin zamansa, wadda iyalai da yawa ba sa farga da ita sai bayan an sa hannu. Masu gabatar da ƙara za su iya cewa ya amsa ƙaramin laifi a rage masa ɗauri. Laifin da ya ƙunshi amfani da ƙarfi, idan hukuncinsa ya kai shekara guda, yana jawo kora daga ƙasar, kuma share hukunci saboda gyaran hali galibi ba ya wanke mutum a wurin hukumar shige da fice. Tun 2010 Kotun Ƙoli ta wajabta wa lauya ya gaya wa wanda yake karewa wannan haɗari. Kada ya amsa komai sai lauyan shige da fice ya karanta takardar amsa laifin layi-layi.

Kada ki sayar da gona ko fili don biyan lauya a gaggauce. Idan ba shi da hali, kotu za ta ba shi lauya kyauta, kuma ofishin lauyoyin kare marasa hali na Washinton yana cikin waɗanda ake yabawa a ƙasar. Kuɗin da kuke da shi ya fi amfani wajen lauyan shige da fice, domin shi gwamnati ba ta bayarwa.

Idan ya kira ki daga gidan yari, Hajiya, ana naɗar kiran, kuma hukumomi suna samun tafinta. Ki tambayi lafiyarsa, ki yi masa addu'a, amma kada ki ce ya ba ki labarin abin da ya faru. Wannan tsakaninsa da lauyansa ne kaɗai.