Tambaya da amsa: Yaranmu sun iya gudu da ƙwallo, yaya za mu koya musu jifa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Koci. Ni malamin lissafi ne a wata ƙaramar sakandare a jihar Ohio ta Amurka, kuma shekara biyu ke nan ina taimaka wa kocin ƙungiyar ƙwallon Amurka ta makarantar. Yaranmu ƙarfafa ne, tsarin kai hari da ake kira Wing-T muke bugawa, gudu da ƙwallo shi ne abincinmu. A wasa guda da ƙyar mu yi jifa biyar ko shida, rabinsu ma a ƙasa suke ƙarewa. Ƙananan ƙungiyoyi tattake su muke yi, amma da mun haɗu da manya sai su jibge mutum takwas ko tara a bakin layi, mu yi ta karo da bango har a tashi. Babban koci ya ɗora mini nauyin gyara jifa kafin kakar baɗi. Mu watsar da tsarinmu ne mu koma irin na baza 'yan wasa da ake yayi, ko akwai wata hanya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ku watsar da komai. Wannan gudun da ya sa ake jibge muku mutum tara shi ne jarinku, kuma daga cikinsa jifan zai fito.

Bari in ɗan yi wa sauran masu karatu shimfiɗa, don wasan ba irin tamaular da aka saba ba ne. Mutum 11 ne a kowane ɓangare. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10, ko dai a miƙa wa wani ƙwallo ya ruga da ita, ko kwatabak, wato jagoran hari, ya jefa ta gaba wani ya cafe. Tun 1906 aka halatta jifan gaba, amma har gobe akwai kocin da ke kallonsa a matsayin caca. Akwai tsohuwar magana da ake yawan jingina wa tsofaffin kocinan jami'a Darrell Royal da Woody Hayes, cewa abu uku ne ke faruwa idan an yi jifa, biyu daga ciki sharri ne: ko ta faɗi ƙasa, ko abokan hamayya su cafe. Ina zargin babban kocinku ɗan wannan makaranta ne.

Tunda lissafi sana'arka ce, mu fara da ƙidaya. Idan tara daga cikin masu tsaro 11 sun taru a bakin layi, wato inda ake ajiye ƙwallo a fara bugu, saura biyu ke gadin duk filin da ke bayansu, filin da faɗinsa ya haura yadi 53. Duk wanda ya sulale ta bayan tarar nan, shi da mutum ɗaya ne, wani lokaci ma shi da ciyawa kawai. Dubi ƙungiyar jami'ar Georgia Tech a zamanin koci Paul Johnson, ƙungiyar da kowa ya san gudu ta sa a gaba. A kakar 2009 Demaryius Thomas ya cafe ƙwallo 46 kacal, amma ya ci yadi 1,154 da su, kusan yadi 25 a kowace cafka, kuma a 2010 Denver Broncos suka ɗauke shi a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka. Ba yawan jifa kuke nema ba. Kuna neman jifan da zai sa kocin ɗaya ɓangaren ya janye mutum biyu baya don tsoro, gudunku ya samu numfashi.

Abin da ya fi ba ni dariya a tambayarka shi ne maganin yana cikin littafinku. Wing-T da aka haɓaka a Jami'ar Delaware a hannun David Nelson da Tubby Raymond ya zo da jifansa, wanda ake kira wagul, kuma an gina shi ne a kan gudun gefen da kuka fi bugawa. Ga yadda yake idan ya yi kyau. An ɗago ƙwallo, kwatabak ya juya, ya nuna wa fulbak, mai gudu da ƙwallo da ke tsaye bayansa, ita ya wuce, ya tura ta cikin hafbak, ɗaya mai gudun, da ke tsallakawa dama kamar kullum, sai ya zare ta ya manna a kwatangwalo. Hafbak ya naɗe hannuwa a ciki, ya sunkuyar da kafaɗa, ya ci gaba da gudu kamar an biyo shi da sanda. Kwatabak ya bi shi da ido na ɗan lokaci, sannan ya karkata hagu, gad, wato 'yan layi biyu da ke gefen mai ɗago ƙwallo, sun fito daga layi suna ba shi kariya. A gabansa mutum uku ne a hawa uku: ɗaya ya nausa can kusurwar fili, ɗaya ya ratso daga ɗaya gefen a wajen yadi 10 zuwa 12, fulbak kuma ya sulale gefe kusa-kusa. Ya duba na nesa, in babu ya sauko na tsakiya, in babu na kusa, in kuwa ya ga ciyawa a buɗe ya ruga da kansa. Rabin fili kawai yake karantawa, abin da yaro ɗan shekara 16 zai iya.

Inda wagul ke mutuwa wuri biyu ne, kuma duka ba a hannun mai jifa suke ba. Na farko ragwancin yaudara. Yaron da ya san ba shi za a ba ƙwallo ba yakan yi taku uku ya tsaya yana kallon wasa, to wa zai bi shi? Ka kafa doka: wanda ya yi yaudara sai ya yi gudun yadi 10 cikakke, kuma ranar kallon bidiyo ka yabe shi a gaban kowa idan an kayar da shi alhali ba ya ɗauke da komai. Wannan kayarwar ita ce shaidar aikinsa ya yi. Na biyu hulunan 'yan layi, wato ƙartin da ke jere a gaba suna tare wa kwatabak da masu gudu. Duk lainbaka, wato mai tsaron da ke tsayuwa daf da bayan layi, in an koyar da shi da kyau ba ƙwallo yake kallo ba, kawunan 'yan layinku yake kallo. In sun miƙe tsaye sun ja baya, ya san jifa ne tun kafin kwatabak ya juya. Dole su fita a sunkuye da ƙarfi kamar gudu ne. Sai dai a kula, a dokokin NFHS, hukumar wasannin sakandare ta Amurka, da Ohio ke bi, ɗan layi ba zai wuce yadi biyu gaba ba idan jifan zai tsallaka layi. A Texas da ke bin dokokin jami'a yadi uku ne, don haka kada ka kwafi abin da ka gani a bidiyon can ido rufe.

Bayan wagul, ku zaɓi gudu biyu da kuka fi cin yadi da su, kowanne ku yi masa tagwai na jifa: tsayuwa ɗaya, motsi ɗaya, taku ukun farko iri ɗaya. Guda daga ciki ya zama mai sauƙi ƙwarai, ɗan ƙarshen layi ya yi kamar zai tare lainbaka, ya zame ta bayansa, a ɗora masa ƙwallo a wajen yadi takwas.

Sai gajeren jifa na taku uku. A nan labarin Bill Walsh zai yi maka amfani. Lokacin yana mataimakin koci a Cincinnati Bengals, gwanin mai jifansu Greg Cook ya ji rauni a kafaɗa a 1969, aka bar shi da Virgil Carter wanda hannunsa ba ya kai ƙwallo nesa. Walsh bai zauna kuka ba, ya ɗaura kowane jifa da takun ƙafa: taku uku ƙwallo ta fita, taku biyar ƙwallo ta fita. A 1971 Carter ne ya fi kowa a NFL yawan kason jifan da aka cafe, kuma wannan tsarin ne daga baya ya ci kofuna a San Francisco da Joe Montana. Ku kam, iri biyu sun ishe ku. Idan kona, wato mai tsaron da ke gadin mai cafka a gefen fili, ya ja baya yadi bakwai ko takwas, mai cafka ya yi yadi biyar ya juyo, ƙwallo na hanya kafin ya gama juyawa. Idan kona ya matso ya manne masa, ya yi taku uku ya yanka ciki. Shi ke nan.

Wani abu da masu kwaikwayon talabijin ke mantawa: a filin sakandare alamomin da ake ajiye ƙwallo sun raba faɗin fili gida uku daidai. Idan ƙwallo na kan alamar hagu, daga nan zuwa layin dama ya haura yadi 35. Jifan gefe zuwa wannan ɓangare mai faɗi, a hannun yaro, kyauta ce ga kona. Ku yi gajeren jifanku a ɓangaren da ya fi kusa, in kuma dole sai mai faɗin, kwatabak ya ruga can ya rage nisan da ƙafarsa.

Game da kariya ba zan ja ba. 'Yan layin da suka saba turawa gaba ba za su zama gwanayen ja da baya a wata uku ba, kada ka wahalar da su. Hanya ɗaya ta wadatar: duk layi ya zame gefe guda, kowa ya tsare ramin da ke wannan gefen nasa, fulbak ya toshe ɗaya bakin. Ka sayi agogon tsayarwa ka rataya a wuya. Duk jifan da ya wuce daƙiƙa uku a atisaye, busa usur, ka lissafa shi an kayar da kwatabak ko da an cafe.

Yanzu ga inda ni kaina na taɓa faɗawa rami. Wata shekara na dawo daga taron kocina da littafi cike da zane, na cusa wa yara jifa sama da ashirin a hutun bazara. Wasan farko, a jifa na biyu, masu cafka biyu suka tsinci kansu a wuri ɗaya suna kallon juna, ƙwallo ta faɗa hannun sefti, mai tsaron da ke can baya. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle ashirin. Abin mamaki, mutanen da suka fi kowa jifa su ne suka fi kowa ƙarancin zane. Hal Mumme, wanda kocin sakandare ne a Copperas Cove ta Texas kafin su haɗu da Mike Leach a Iowa Wesleyan a 1989 su gina Air Raid, tsarin da ya dogara da yawan jifa, sirrinsu 'yan tsirarun jifa ne da maimaici ba iyaka. Tsarinsu ba naku ba ne, amma salon atisayensu ku sace shi. Suna jera masu jifa da yawa a lokaci guda, masu cafka su fita ba mai tsaro, kowa a jefa masa tasa ƙwallon. A minti goma yaro ya cafe abin da a da yake cafewa a mako.

Ka roƙi babban koci minti 20 kullum, kuma a farkon atisaye, ba a ƙarshe ba lokacin da kowa ya galabaita har ana neman ruwa. In ya ce minti 20 sun yi yawa, to bai shirya yin jifa ba tukuna, ka faɗa masa cikin ladabi. Wasanninku daren Juma'a ake yi, kuma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Gasar bakwai-da-bakwai ta bazara tana da amfani wajen saba wa juna, amma ba 'yan layi a ciki kuma galibi ana ba mai jifa daƙiƙa huɗu, wanda ba zai taɓa samu ba a wasan gaske. Ku shiga da 'yan jifanku ɗin nan kawai, ko da za a cinye ku.

Shi kuwa mai jifan, ƙafa ka fara duba kafin hannu. Yawancin ƙwallon da ke tashi sama ko ta nutse ƙasa daga taku take lalacewa: ƙafar gaba ta yi nisa da yawa, ko ba ta nuni inda ake jifa. Ka sa shi gajeren taku, kafaɗar gaba ta kalli wurin, nauyi ya tashi daga ƙafar baya. Tsakanin yaro mai ƙarfin hannu da yaro mai saiti, ni mai saiti nake ɗauka kowace rana. Ka kuma koya masa zubar da ƙwallo. Tun 2022 dokar NFHS ta yarda, idan ya fita gefe daga yankin 'yan layi, ya jefar da ita matuƙar ta kai layin da aka fara. Asarar dama ɗaya ta fi asarar yadi takwas, ta kuma fi miƙa wa abokan hamayya ƙwallo.

Ga aikin da ya dace da kai musamman. Ɗauko bidiyon kakar bara, ka rubuta kowane jifa: a dama ta nawa aka yi, saura yadi nawa, daga wace tsayuwa. Na kusa rantsuwa za ka tarar kusan duka a dama ta uku ne ana neman yadi takwas ko goma, lokacin da har mai sayar da gugguru a bakin fili ya san jifa za a yi. A irin wannan lokacin yaudara ba ta cin kowa. Wagul a dama ta farko ake kiransa, ko a ta biyu saura yadi biyu, ko nan take bayan gudu mai kyau lokacin da lainbaka ke huci yana son ramawa. Ku tsara tun kafin wasa cewa cikin bugu goma na farko akwai jifa uku, a rubuce, don idan wasa ya yi zafi kowane koci gida yake komawa. Ma'aunin kuma kada ya zama yawan jifa. Raba yadin da aka ci da adadin jifan da aka gwada, sannan ka ƙirga mutum nawa ke tsayuwa a bakin layi a zango na uku. In tara sun koma bakwai, aikinka ya ci ko da jifa goma kacal kuka yi.

Ba ka ce komai a kan masu cafka ba, kuma na san dalili: a makarantar da ba a jifa, yaran da suka iya cafka ba sa zuwa. Suna can a ƙwallon kwando, ko suna tsaron bayan fili a besbol, inda kullum suke bin ƙwallo a sama da ido. Wataƙila ɗaya daga cikinsu, dogon nan da ke zama a kujerar baya, yana ajinka na lissafi. Ka tsayar da shi bayan darasi, ka nuna masa bidiyon mutum tara a bakin layi da filin da ke bayansu fayau, ka tambaye shi ko zai zo atisaye ranar Litinin.