Maganin ƙarin jini: na kwalba ko na ƙwaya?

Wata mai shayarwa ta rubuto cewa wata huɗu ke nan da haihuwarta, da ta miƙe sai jiri, ɗan shara kaɗan sai haki. A kemis an nuna mata maganin ƙarin jini na kwalba mai tsada, da ƙwayoyi masu araha. Wanne za ta saya?

Malama, sannu da jiki. Kuɗin farko ki kai shi ɗakin gwaji, ba kemis ba. Ki nemi a duba miki PCV, wato gwajin yawan jajayen ƙwayoyin jini, ko ma cikakken gwajin jini da ake kira FBC idan da hali. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, macen da ba ta da ciki tana da ƙarancin jini idan himogulobin ɗinta (sinadarin da ke sa jini ja) bai kai 12 ba, wato PCV ƙasa da 36 a ƙiyasce. Mai ciki kuwa 11 ne, namiji 13. A gida za ki iya jan fatar idonki ta ƙasa a gaban madubi da rana: idan cikinta ya yi fari maimakon ja, alama ce. Amma ido yana yaudara, gwaji ne mai raba gardama.

Idan an tabbatar ƙarancin ayon ne, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi, wanda shi ya fi yawa bayan haihuwa, to ƙwayar nan mai araha ita ce maganin. Irin wannan ƙwayar, ferrous sulphate mai miligiram 200, tana ɗauke da ayon na ainihi miligiram 65. Ki juya kwalbar nan ki karanta bayanta, ki ga nawa ne a cokali ɗaya. Da yawansu ba su kai haka ba, ragowar sukari ne da ɗanɗano da bitamin. Na ruwa ya fi dacewa da yara da wanda ba ya iya haɗiyar ƙwaya. Kowanne za ki saya, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma ki guji ƙwayoyin da aka ƙirga aka ƙulle a leda ba suna.

Yadda ake sha shi ne inda mutane suka fi faɗuwa. Ƙwaya ɗaya a rana ta isa, da safe kafin karin kumallo, da ruwa ko lemon zaƙi. Kada ki kora ta da shayi ko madara, domin suna hana hanji tsotse ayon. Ki bar tazarar awa 2, haka ma da maganin gyambon ciki. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Idan ta sa ki tashin zuciya ko taurin bayan gida, ki sha bayan ɗan abinci, ko ki koma yau a sha gobe a huta, amma kar ki jefar da ita. Bayan mako 3 zuwa 4 ki sake gwaji. Idan jinin bai motsa ba, mai yiwuwa akwai inda yake zuba ko kuma ba ayon ba ne matsalar, sai a koma wurin likita. Idan ya hau ya daidaita, ki ci gaba da sha har wata 3, don jiki ya cika rumbunsa. Masu dainawa da zarar jiri ya tafi su ne ke dawowa da ciwon.

Ki ajiye ƙwayoyin inda hannun yaro ba ya kaiwa. Suna kama da alawa, kuma kaɗan daga cikinsu kan iya kashe ƙaramin yaro.

Wani ya tambaya ko lemon malt da madara, ko zoɓo, suna ƙara jini.

Ba sa yi. Malt sukari ne, madara kuwa ba ta da ayon na kirki, jan launin zoɓo ma ba jini ba ne. Kuɗin ya fi amfani a hanta, jan nama, kifi, wake da zogale. Mai ciki dai ta rage hanta saboda yawan bitamin A. Abinci yana taimakawa, amma idan jini ya riga ya yi ƙasa sosai ba ya maye gurbin magani.

Wata uwa tana son saya wa ɗanta mai sikila maganin ƙarin jini, don kullum idonsa fari.

Hajiya, don Allah kar ki saya. A sikila ƙwayoyin jinin ne ke saurin fashewa, ayon ɗin yana nan a jiki, musamman idan an taɓa yi masa ƙarin jini. Ƙarin ayon a kai yana taruwa ya cutar da hanta da zuciya. Folic acid, wani nau'in bitamin, ne aka saba ba su, da rigakafin zazzaɓin cizon sauro, kuma asibitinsa ne zai tsara. Idan ya yi fari fiye da yadda kika saba gani, ko yana haki a zaune, ko cikinsa ya kumbura ta hagu, ki kai shi asibiti a take, ko da tsakar dare ne.

Wani magidanci mai shekara 52 ya ce an gwada shi an ce jininsa ya yi ƙasa, wane magani ya fi?

Alhaji, namiji ba ya haila ba ya haihuwa, don haka sai an gano ta ina jinin ke fita. Gyambon ciki, basir mai jini, tsutsar ciki, tsargiya, yawan shan maganin ciwon jiki irin ibuprofen da diclofenac, har da ciwon dajin hanji duk suna jawo haka. Ka nemi a gwada bayan gida da fitsari, a duba ƙoda, kuma ka tambayi likita ko kana buƙatar a leƙa ciki da hanji da na'ura kafin ka fara shan komai.