Kano zuwa Abuja da Hajiya: Ta Sama Ko Ta Dogo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana da ganin likita a Abuja cikin watan Janairu, ƙarfe tara na safe. Tana fama da ciwon gwiwa, kuma ba ta taɓa shiga jirgin sama ba, da an yi maganar sai ta ce ita dai a bar ta a ƙasa. Yayana ya ce mu bi jirgin ƙasa, ya fi araha da kwanciyar hankali. Wanne ya fi dacewa da ita?
Wata mai karatu, daga Gwale, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne.

Yayanki ya faɗi gaskiya, amma gaskiyar mutanen Kaduna ya faɗa. Sabon layin dogon da aka buɗe a 2016 daga tashar Rigasa a Kaduna yake tashi, ya tsaya a Idu a Abuja, tafiyar kilomita 186. Reshen da zai kawo shi Kano an ƙaddamar da aikinsa a 2021. Ke da kike Gwale, sai kin fara ɗora Hajiya a mota kun bi ta Zariya, kun ci fiye da kilomita 200, kafin ku ga ƙofar Rigasa. Wannan zaman motar shi ne abin da gwiwa ba ta so. Kuma jirgi ba ya jiran kowa. In cunkoso ya riƙe ku a Kawo, wajen shiga Kaduna, tikitin ya tafi.

A cikin jirgin kam ba ni da ƙorafi. Kujera da faɗi, mutum ya miƙe ƙafa, ya tashi ya zaga, ga bayan gida. Shi ya sa duk mazaunin Kaduna da ya tambaye ni, nakan ce ya nufi Rigasa kawai. Sai dai Idu ma bayan gari take, sai an sake neman mota. Wanda masaukinsa ke wajen Kubwa ya sauka a tashar Kubwa, ya huta. A tanadi lambar NIN wajen yankar tikiti, a kuma yanka da wuri, don kujeru kan ƙare.

Na san abin da ke ran mutane ko ba a faɗa ba: harin da aka kai wa wannan jirgin ranar 28 ga Maris 2022, da aka kashe fasinjoji aka sace da dama. Jirgin bai dawo aiki ba sai Disambar shekarar. An ƙara jami'an tsaro, amma ni har gobe na safe ko na rana nake shiga.

Jirgin sama daga filin Malam Aminu Kano zuwa Abuja bai cika wuce awa ɗaya ba. Kada wannan awar ta ruɗe ki. Ki haɗa da zuwa da wuri, da layin bincike, da jiran kaya, da nisan filin Nnamdi Azikiwe daga cikin gari, za ki ga rabin yini ya kusa tafiya. Kuɗinsa kuma ya ninka na dogo sau da yawa. Babbar damuwata ma watan da kika ambata ne. Janairu tsakiyar hunturu ne, in hazo ya rufe Kano, jirgi kan makara ko a soke tashinsa gaba ɗaya, kamfani ya ce yanayi ne, ba laifinsa ba.

Duk da haka, da Hajiya mahaifiyata ce, ta sama zan kai ta. Amma ba ranar ganin likita ba. Ku tashi ana gobe, a jirgin da ya fi sammako, ta yadda in an soke akwai sauran yini na neman mafita. Ki faɗa wa kamfanin tun wajen sayen tikiti cewa kuna buƙatar keken guragu, don akwai doguwar tafiya a cikin filin, sau da yawa kuma da matakala ake hawa jirgin. Magungunanta da takardun asibiti su zauna a jakar hannu. Ki ba ta alawa ta tsotsa wajen tashi da sauka saboda toshewar kunne, ki kuma tambayi likitanta in tana da hawan jini ko ciwon zuciya.

Batun tsoro, kada ku yi mata dariya, ku kuma daina yi mata lissafin haɗarin mota. Ku nemo wata ƙawarta da ta je Hajji ta zauna da ita, maganar tsararta ta fi taku shiga. In ta kafe a kan dogo, to ku raba tafiyar biyu, ku kwana a Kaduna, washegari ku shiga na safe.