Zogale da citta ga salwa a bazara: in saya ko in bari?

"Assalamu alaikum Malam. Ina kiwon salwa 500 a bayan gidanmu a Rigasa. Da sanyi nakan kwashi ƙwai kusan 400 a rana, amma tun shigowar watan Maris sun koma 280, wasu ma ɓawon ba ƙwari. Wani mai sayar da maganin kaji ya kawo mini garin haɗi na zogale, citta da tafarnuwa, wai yana kashe musu zafi, naira 18,000 na wata guda. Kuɗin da ke hannuna na abincinsu ne. In saya?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kuɗin abinci kam kada ki taɓa shi. Salwa ɗaya tana cin kamar giram 25 a rana, ke nan 500 ɗinki suna cinye buhu mai kilo 25 cikin kwana biyu. Ranar da abinci ya yanke, ba garin da zai sa su yi ƙwai.

Kafin mu zo kan garin, ki shiga ɗakinsu da ƙarfe biyu na rana ki tsaya minti biyar. In kin ga sun buɗe baki suna haki, sun saki fukafukai, sun taru a bakin ruwa, to ga inda ƙwai 120 ɗinki suke tafiya. Tsuntsu ba ya gumi, da haki yake fitar da zafi. Zafin nan yana rage masa cin abinci, yawan hakin kuma yana taɓa sinadarin da jiki ke gina ɓawo da shi, shi ya sa ƙwan ke fashewa a hannu. Kwanon rufi a Kaduna tsakanin Maris da Afrilu kuwa, ai tanda ce. Ki shimfiɗa zana ko ciyawa a kan kwanon, ki buɗe gefe biyu ki sa raga iska ta ratsa, ki rage cunkoso. Ruwansu ki ajiye a randa cikin inuwa, ki sauya sau uku a yini; ruwan jarka da ya yini a rana ko ke ba za ki sha ba. Abinci kuma da sassafe da bayan la'asar. 

Ban ce ganyen banza ba ne. Zogale da citta suna taimaka wa jikin tsuntsu ya jure wahalar zafi, amma taimako ne kawai, ba sa sanyaya ɗaki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sayen ƙulli marar lambar NAFDAC, ba ki san me aka zuba ba, balle nawa. Citta ma tun cutar da ta afka wa gonakin Kachia da kewaye a 2023 ta yi tsada, don haka in ya ce haɗinsa cike yake da ita, ki shinshina da kyau. Zogale kuwa ga shi nan a gidaje. Ki shanya a inuwa, ki daka, ki tankaɗe, ki fara da giram 250 a buhun abinci guda.

Kuma kada ki ba wa dukkansu. Bayan kin gyara ɗakin, ki ware 100 ki ba su mai zogale, ki ware wasu 100 sa'anninsu a kan abincin da suka saba. Ki samu littafi ki riƙa rubuta ƙwan kowane ɓangare, har da fasassu, na sati uku. Lissafin garin mutumin kuwa mai sauƙi ne: 18,000 a wata naira 600 ce a rana. Ki raba 600 da kuɗin da kike sayar da ƙwai ɗaya, adadin da ya fito shi ne ƙarin ƙwan da sai garin ya kawo kullum kafin ki ce kin mayar da kuɗinki.

In kuma kika ga suna mutuwa ko suna zawo, wannan ya wuce zafi, ki kira likitan dabbobi ranar.